Kitsen da Ya Kwanta a Gwiwar Fayif

A wani gari akwai wani magidanci da ya gina gida, ya ja ruwan famfo har cikin kicin. Ya sa aka kafa masa kwanon wanke-wanke na ƙarfe a jikin bango, irin wanda ake kira sinki, famfo a samansa, rami a tsakiyarsa. Sunan mutumin Filibus, sunan matarsa Keziya, daga ƙauyensu ya auro ta. Keziya ba mai yawan magana ba ce. In baƙi suka zo takan gaishe su a durƙushe ta koma bakin ƙofa, amma babu abin da yake wuce idonta.

Tun ranar da aka kawo ta gidan, ramin nan yake ba ta mamaki. A ƙauye, in an watsar da ruwan wanke-wanke a bayan ɗaki, kowa yana ganin inda ya tafi: ƙasa ta shanye ruwan, kaji su tsince shinkafa, kare ya lashe maiƙo. A nan kuwa sai ruwan ya yi juyi, ya yi ƙara, ya ɓace. Takan tsaya ta leƙa ramin tana cewa a ranta, "Ina kake zuwa?"

Da Kirsimeti ta zo, dangi duka suka taru a gidan, gama Filibus ne babba, shi ne kuma mai gida a gari. Mama Laraba, uwar Filibus, ta zo. Gwaggo Afiniki, ƙanwar babansa, ta zo da 'ya'ya da jikoki. Aka yanka akuya biyu da kaji, aka kwana biyu ana suya ana wanke-wanke. Mama Laraba ta ga sinki ta yi murna ƙwarai. "Kai, zamani!" in ji ta. "Rami mai haɗiye komai, ba sai ka fita waje ba."

A ranar Kirsimeti, bayan an dawo daga sujada, aka shimfiɗa tabarmi a tsakar gida, aka fara jera kwanuka. Sai ruwa ya tsaya cak a sinki. Gwaggo Afiniki ta zura muciya ta caccaka, bai motsa ba. Jim kaɗan, ga baƙin ruwa mai wari yana bulbulowa ta wani ramin kwashe ruwa da yake tsakar gida, yana bin ƙarƙashin tabarmi. Mutane suka miƙe da kwanukansu a hannu. A tsaye aka ci abincin Kirsimeti a shekarar nan, wasu a ƙofar gida, wasu a gidan maƙwabta.

Mama Laraba ta dubi Keziya a gaban kowa ta ce, "Riƙon gida ba a tukunya kaɗai yake ba, yarinyar nan. In haka ta sake faruwa baɗi, taron nan ya koma ƙauye, ba za a ƙara yinsa a gidanki ba."

Keziya ta sunkuyar da kai. Maganar ta yi mata zafi, amma akwai tambayar da ta fi zafin damunta. Shekara guda tana wanke-wanke a wurin nan, ruwa bai taɓa gardama ba. Me ya same shi yau?

Kashegari Filibus ya kira wani dattijo mai gyaran famfo, ana ce masa Baba Gambo. Ya haƙa bayan kicin, inda fayif ɗin da ke kwashe ruwan gidan duka ya lanƙwasa ya nufi babban ramin da ke bayan gida. Ya yanke wurin lanƙwasar ya ɗago ta. Ga shi kuwa cikinta ya toshe da wani abu fari mai tauri kamar sabulu, shinkafa da gashin kaza sun kafe a ciki.

Keziya tana laɓe a bakin ƙofa. Ta yi ta kokawa da kunya har son sani ya rinjaye ta, ta matso ta durƙusa.

"Baba, sannu da aiki. Don Allah, wannan abu daga ina ya shigo?"

"Daga tukunyarku, amarya."

"Ai mu ruwa muke zubawa."

Baba Gambo ya yi dariya. "Ruwan ɗaurayar tukunyar suya ko? Da zafinsa? To, kitse in yana da zafi tafiya yake yi tare da ruwa kamar 'yan uwa ɗaya. Sai ya iso nan, wurin da muke kira gwiwa, ya tarar da sanyi. Ruwa ya wuce abinsa, shi ya kwanta. Shinkafa ta zo ta manne masa, gashin kaza ya zo ya manne wa shinkafa. Fayif ba shi da haƙori, amarya, abin da kika ba shi haka zai riƙe miki."

Nan take Keziya ta tuna hannun da ya yi ta juye tukwanen suya a sinki kwana biyu. Hannun Mama Laraba ne. Zuciyarta ta ce, "Ashe!" Amma kafin ta gama jin daɗin wannan, Baba Gambo ya sa ƙusa ya kankare abin.

"Dubi nan. Na saman fari ne, na jiya da shekaranjiya ke nan. Na ƙasan fa? Kin ga ya yi ruwan ƙasa? Wannan ya yi wata da watanni. Kaɗan-kaɗan aka tara shi, har hanya ta rage kamar ɗan yatsa. Baƙi dai sun zo sun ƙarasa ne."

 Da zai jefar da guntun fayif ɗin, Keziya ta roƙe shi ya bar mata. Ta shanya shi a rana, ta ƙulle a leda, ta ɓoye a bayan buhun masara.

Daga ranar ta sake hannu. Ta ajiye gwangwani, ta riƙa kankare maiƙon tukunya a ciki kafin ta wanke. Ta ɗora gwagwa mai ƙananan huji a kan ramin sinkin don tare shinkafa da ɓawon albasa. Kowace Asabar ta tafasa ruwa ta bi fayif da shi. Ta kuma haƙa ɗan rami a gindin mangwaro don ruwan maiƙo. Duk wannan mai sauƙi ne, gama hannunta ne kaɗai. Abin da ya tsaya mata a rai shi ne hannuwan da za su zo a Disamba.

Da lokaci ya kusa, ta ce wa mijinta, "Maigida, ko za ka yi wa Mama magana a kan sinki?"

Filibus ya zare ido. "Ni? In koya wa Mama wankin tukunya? Tun ban san hannun damana ba take wanke tukunya. Mu dai rufe kicin ɗin da kwaɗo, a yi komai a waje."

"In muka rufe, za ta ce mun hana ta ɗakin ɗanta."

"To, ki san yadda za ki yi," in ji shi, ya ɗauki hularsa.

Ana gobe Kirsimeti, da hantsi, gida ya sake cika. Mama Laraba ta kwashe suyar akuya, ta zuba tafasasshen ruwa a tukunyar, ta kama kunnuwanta da tsumma ta nufi sinki.  Matar ɗa ba ta ce wa uwar miji "kada". Amma Keziya ta ga tabarmin bara a idonta, sai kawai ta sami kanta durƙushe a kan hanya.

"Mama, ku yi haƙuri. Akwai wani abu da na gani ya ba ni mamaki, na ce ko za ku duba mini."

"Yanzu? Da tukunya a hannuna?"

"Da ruwan tukunyar ne ma, Mama."

Gwaggo Afiniki, da ke figar kaza a gefe, ta ce, "Yau kurma ta yi magana! Laraba, ajiye mu ji, kada ta fasa sai baɗi."

Mama Laraba ta dire tukunyar. Keziya ta ɗebo ruwan randa mai sanyi a farin kwano, ta kamfaci ruwan tukunyar da ludayi ta zuba a kai. Matan uku suka sunkuya suna kallo. Da fari ƙwayoyin mai suna yawo a sama kamar idon kifi. Can sai suka fara haɗuwa, suka yi fari, suka daskare. Mama Laraba ta sa yatsa ta taɓa, abin ya fashe ya manne mata a farce.

"To, ai kitse ne. Wa bai san kitse yana barci ba?"

"Haka ne, Mama. Abin da ban sani ba, a ina yake barci in ya shiga ramin nan."

Sai ta ɗauko ledar daga bayan buhun masara, ta kwance, ta miƙa da hannu biyu. Mama Laraba ta karɓi guntun fayif ɗin ta ɗaga shi sama, ta rufe ido ɗaya ta leƙa. Haske da ƙyar yake ratsa shi. Ta juya shi, ta shinshina, ta ciro wani gashin kaza da ya bushe a ciki.

"Wannan ne ya tsayar da mu a kan ƙafa bara?"

"Shi ne, Mama. Na ƙasan nan mai ruwan ƙasa nawa ne. Ni na tara shi wata da watanni, ban sani ba."

"Na saman fa, farin?"

Keziya ta dubi ƙasa. Gwaggo Afiniki ta daina figa. 

Mama Laraba ta daɗe tana juya abin a hannunta. Sa'an nan ta ce, "Na saman nan ya yi kama da akuyar da na soya." Ta dubi gashin kazar, ta dubi Gwaggo Afiniki. "Wannan kuwa na san mai kazar."

"A'a, kada ki sa ni a ciki! Ke kika ce rami ne mai haɗiye komai!"

Dariya ta ɓarke. Mama Laraba ta share ido da bakin zane ta ce, "To, 'yata, ina ake kai ruwan?"

"Na haƙa rami a gindin mangwaro, Mama, kamar yadda kuke yi a gida."

"Kun ji ko? Ashe dai hanyarmu ta ƙauye ba ta tsufa ba."

Da kanta ta kai tukunyar gindin mangwaro. Da ta dawo ta jawo kujera 'yar tsugune ta zauna a gefen sinki, guntun fayif a cinyarta. Duk wadda ta zo da kwano sai Mama ta leƙa ciki. Mai maiƙo a nuna mata gwangwani, mai shinkafa a nuna mata gwagwa, mai gardama a miƙa mata fayif ta leƙa da idonta. Har masu goyo ta tara ta ce ga bokiti can a bayan gida, ƙunzugu da leda kada ko ɗaya ya bi ruwa.

Ranar Kirsimeti aka ci abinci a zaune, tabarmi a bushe. Da aka gama wanke-wanke na ƙarshe, Mama Laraba ta kara kunne a bakin sinki, ta ji ruwa ya yi juyi ya wuce da ƙararsa. Ta ɗaga gwangwanin, ya cika har baki. Ta miƙa wa Keziya ta ce, "Wannan ya yi mana kaɗan. Baɗi ki tanadi guda biyu."

Ga abin da misalin nan yake koya mana, 'yan'uwa. Fayif ɗin nan shi ne zuciyar mutum. Kitsen kuwa ƙananan ɓacin rai ne da muke haɗiyewa da zafinsu: kallon da aka yi mana, gaisuwar da ba a amsa ba, maganar da aka faɗa a gaban mutane. Mukan ce, "Ba komai, ya wuce," domin ba mu ƙara ganinsa. Bai wuce ba. Ya je inda ido ba ya kai, ya yi sanyi, ya kwanta. Gobe wani abu ya zo ya manne masa.

Ran da gida ba kowa, ba za ka sani ba, gama 'yar hanyar da ta rage tana isa. Sai ranar taro, ranar da ya kamata a yi murna da haihuwar Mai Ceto, wani ya faɗi 'yar magana, abin da ya shekara a kwance ya bulbulo a gaban baƙi. Sai mu ce wanda ya yi maganar ne ya ɓata biki. Shi dai ya ƙarasa ne.

Gwangwanin nan addu'a ce da gafara ta kowace rana. Kada ka jira Disamba. Abin da ya ɓata maka rai yau, kankare shi yau, ka kai wa Ubangiji tun yana da taushi.

Ku kuma lura da yadda Keziya ta yi. Tana da abin da za ta kunyata surukarta da shi, shekara guda yana ɓoye a bayan buhun masara. Amma da ta fito da shi, nata ta fara nunawa. Da a ce ta ce, "Ku ne kuka toshe," da taro ya koma ƙauye ko da ruwa bai tsaya ba. Da ta ce, "Na ƙasan nawa ne," sai tsohuwa ta sami ƙarfin cewa na saman nata ne.

Kirsimeti tana tafe, gidajenmu za su cika. Kafin baƙi su iso, kowa ya ɗaga zuciyarsa sama a gaban Allah, ya rufe ido ɗaya ya leƙa. In haske da ƙyar yake ratsawa, kada ka fara tambayar wa ya zuba na saman. Fara da na ƙasan.