Sampath da Mahaifiyarsa a Hanyar Bakin Teku

Akwai wani ɗan kasuwa a Colombo mai suna Sampath. Da harka ta buɗe masa, sai ya kama ɗaki a wani katafaren otal na masu wasan golf can wajen Hambantota, ya ce zai kai mahaifiyarsa Leelawathi ta huta.

Tsohuwar ta ce za ta je, da sharaɗin kada su hau babbar hanya, su bi tsohuwar hanyar bakin teku.

Suka kama hanya da safe. Teku na hannun dama, itatuwan kwakwa sun sunkuyo kan titi, masunta suna jan taru. Leelawathi ta sauke gilashi, iska na kaɗa mata furfura.

Da suka wuce Galle suka doshi wani ƙaramin ƙauye, sai ta dafa masa hannu.

"Ɗan tsaya nan, ɗana."

"Mama, abokaina na jira a otal. Sai a dawowa."

Ya ƙara wuta. Ya san wurin sarai. Ƙauyensu ne. Nan babbar igiyar ruwa ta tafi da mahaifinsa Piyadasa, masunci, shi yana ƙarami. Tun da suka bar garin ba wanda ya sake komawa a cikinsu, kuma abokan nan nasa ba su taɓa jin cewa ɗan masunci ba ne.

Otal ɗin ya haɗu. Ciyawa shar har bakin ruwa, ana yawo da mutane a 'yan ƙananan motoci. Aka kawo musu shayi. Leelawathi ta ja ma'aikaciyar gefe ta tambayi kuɗinsa, da ta ji sai ta ajiye kofin a hankali.

"Kai Sampath, da zinariya suka dafa shi? Wannan ai cefanen mako ne."

Abokansa suka tuntsire da dariya. Shi kuwa ya haɗe rai.

"Mama, don Allah kada ki ba ni kunya."

Ya ɗauki sandunansa na golf ya bi abokansa fili.

Da ya dawo da la'asar bai same ta a ɗaki ba. Ya duba wurin cin abinci, ya duba lambu, hankalinsa ya fara tashi. Can ya hango ta a ƙarshen fili, ta riƙe shingen ƙarfe da hannu biyu tana kallon teku.

"Mama, me kike yi a nan?"

"Ba komai. Wurin yana da kyau, ka yi ƙoƙari." Ta goge ido da bakin sarinta, dogon zanen da take yafawa. "Ni dai na zaci da ka ce bakin teku, wurin babanka za ka kai ni. Na kasa zuwa ni kaɗai. Na ce tun da yanzu ka zama babban mutum, in ƙafata ta yi sanyi sai ka riƙe ni."

Sai Sampath ya juya ya je ya haɗa kayansu. Mai karɓar baƙi ya ce masa ba a mayar da kuɗin ɗaki, ya ce a bar shi.

Rana na shirin faɗuwa suka isa ƙauyen. Wata tsohuwa mai shanya kifi ta ƙura wa Leelawathi ido, ta saki kwandonta.

"Leela? Ke ce? Wannan ɗan Piyadasa ne?"

"Ni ne, Inna," in ji Sampath.

Ya cire takalminsa, ya durƙusa ya cire na mahaifiyarsa. Suka taka yashi a hankali. Da ruwa ya taɓa ƙafarta ta ja da baya, ta damƙe hannunsa.

"Ina nan, Mama."

Ta ƙara taku ɗaya.

Darasi: Kafin ka kashe dukiya don faranta wa iyayenka, zauna ka tambaye su abin da zuciyarsu ke so. Sau da yawa bai wuce ka tsaya inda suka ce a tsaya ba. Ku tura wa duk wanda iyayensa ke raye, ko ya samu ya kira su yau.