Rabin Kwalba

An taɓa yin wani mutum, ya 'yan uwa, ma'aikacin jinya ne a ɗakin da ake kwantar da waɗanda ciwo ya kai su maƙura. Ɗaki ne mai sanyi. Ba hira, sai ƙarar na'ura. Wanda ke kwance a can, bututu ne a maƙogwaronsa. Ba ya tambaya, ba ya kai ƙara. Abin da ka zuba masa a jijiya, shi ya samu.

Aikin mutumin nan haɗa allurar kashe ƙwayoyin cuta, mai ƙarfin nan da ba a taɓa ta sai sauran sun kasa. Likita za ta ce a ba da kwalba guda. Shi sai ya zuƙi rabi, ya cike sirinji da ruwan allura. A ido duk ɗaya ne. Ragowar kuma sai aljihu.

Ba sayarwa yake yi ba. Suna yake so. A layinsu "Likita" ake ce masa. Mai mura ya zo, allura. Mai ciwon kai, allura. Telan da ke gefen gidansu har tsokanarsa yake yi: "Likita, kai ko tuntuɓe mutum ya yi sai ka tsira masa!" Ya yi dariya, ransa fes.

To amma ƙwayar cuta halitta ce. Ka ba ta rabin magani, raunanan su mutu, masu taurin kai su tsira su hayayyafa. Su bi hannu, su bi bututu, daga wannan gado zuwa wancan. A hankali allurar ta daina ci a ɗakin. Wata dattijuwa ta tafi. Wata mai jego ta tafi. Dangi suka ce kwana ne ya ƙare, har suna yi masa godiya a bakin ƙofa. Ya karɓi godiyar.

Yana da wa, magini. Shi ya riƙe shi tun rasuwar mahaifinsu, shi ya ɗauki bulo a ka har ƙanin ya gama karatu. Gida ɗaya suke zaune. Rannan wan ya faɗo daga saman gini. Aka yi masa aiki, aikin ya yi kyau, aka kawo shi wannan ɗakin ya ɗan farfaɗo. Bai jima ba zazzaɓi ya rufe shi.

A karon nan mutumin ya zuƙe kwalbar tas, har yana girgiza ta kada ɗigo ya saura. Zazzaɓi bai sauka ba. Aka canza magani, bai sauka ba. Sakamako ya fito daga ɗakin gwaji: ƙwayar ɗakin ce ta kama shi, kuma ba abin da take ji.

Likitar ta tsaya a bakin gado tana cewa, "Ni abin ya ɗaure min kai. Ba wanda muka rage wa magani a nan. Ta ina ta koyi wannan taurin?"



Sai ga matar wan ta shigo dubiya, da 'yar leda a hannu. Ta miƙa wa ƙanin mijinta cikin sauri. "Likitanmu, ga waɗanda ka ajiye a firjina. Ko za a ƙara masa? Tunda kowa ka yi wa yana warkewa."

Likitar ta karɓi ledar. Kwalabe ne, kowacce rabi, kowacce da tambarin ɗakin.

"Baiwar Allah, tun yaushe?"

"Ai an daɗe. Shi ba shi da firji ne."

Wan idonsa biyu. Bututu ya hana shi magana, bai hana shi ji ba. Ƙanin ya durƙusa ya kama hannunsa, ya ce, "Yaya." Hannun nan mai kanta, wanda bai iya ɗaga cokali ba, ya zame a hankali. Wan ya juya fuska bango. Haka ya cika, bai waiwayo ba.

Aka kori ƙanin, aka haramta masa aikin. Matar ta kwashe 'ya'yanta. Waɗanda a da suke naɗe masa hannun riga, yau in sun hango shi sai su tsallaka titi. Yana nan da rai. Ba wanda ke kiransa da kowane suna.

Ya 'yan uwa, amanar wanda ba zai iya magana ba ta fi kowacce nauyi. Ma'aikaci, ka ba da magani yadda aka ce, cikakke, a kan lokacinsa. Kai kuma da kake nacin allura a kan mura, ko kake watsar da magani don ka ji sauƙi, wa kake horar wa cutar? Ka san wanda za ta samu a kwance?

Allah ya kiyaye mu da cin amanar marasa ƙarfi, ya kiyaye 'yan uwanmu daga abin da hannunmu ya aikata. Amin.