Ranar Da Gari Ya Ƙaurace Wa Ruwansa

Akwai wata mai wanki a wani gari da ke gindin dutse, kowa Inna Kumfa yake kiranta, don da wuya ka ga hannunta ba kumfar sabulu. Shekara ashirin da biyu tana wanki a ƙasan magangarar ruwan garin, inda ruwa ke faɗowa daga kan dutse da ƙarar da sai ka ɗaga murya kafin na kusa da kai ya ji ka. Shi ya sa ko gaisuwa take yi, baƙo sai ya ɗauka faɗa ne.

Da ruwan nan ta riƙe 'ya'ya huɗu tun rasuwar mijinta. Kuma ba ita kaɗai ba ce. Ƙaninta mai lambu da shi yake ban ruwa. Ga masu buga bulo, ga masu shanu, ga masu wankin babura.

Sai wani kamfani ya zo da shirin tare ruwan daga sama, a bi da shi ta manyan bututu zuwa injin wutar lantarki can bayan dutse. Wato magangara za ta bushe ke nan. Gari ya ce bai yarda ba, aka kafa kwamiti, aka ɗora Hedimasta a kai.

Hedimasta ya yi shekara tara da yin ritaya, amma har gobe yana kallon kowa kamar ɗan aji uku da ya makara. Kafin ya yi magana sai ya yi gyaran murya sau biyu, ya sauko da tabarau kan hanci, ya ce, "A taƙaice." Daga nan kuma ka nemi wurin zama, don sai ya yi minti arba'in.

Wata rana takarda ta zo daga hukuma. Aka tara mutane a wani aji na makarantar firamare, manya suka matse gwiwoyi a bencin yara, Hedimasta ya karanta. Ranar Laraba za a turo masu tantancewa su gani da idonsu mutum nawa ke rayuwa da ruwan. In suna da yawa, ba za a bar kamfani ya tare shi ba.

"Ehem, ehem. A taƙaice," in ji Hedimasta, "ranar Laraba ba wanda zai je bakin ruwa. Ko akuya. Masu injin ban ruwa su kwashe, masu bulo su rufe, kowa ya shige gida ya ja ƙofa. Su zo su tarar gari ya juya musu baya. Kunya kaɗai ta ishe su."

Aji ya ɗau tafi. Inna Kumfa ta ɗaga hannu.

"Malam, ina da tambaya."

"Ba a zo lokacin tambaya ba."

"Ai ta riga ta fito. Mutanen nan ƙirga mu za su zo yi. In ba su ga kowa ba, me za su rubuta?"

Hedimasta ya leƙo ta ta saman tabarau. "Inna, wannan shi ake kira dabarun gwagwarmaya. Ba wankin zanin gado ba ne."

Aka yi dariya, har da masu dukan benci.

"Na ji ba wanki ba ne," ta ce. "Amma ni in mai kaya ya zo bai gan ni a bakin ruwa ba, ba ya cewa fushi nake yi. Cewa yake ba na nan."

"Kin karanta takardar?"

"Ban iya ba. Kai ka karanta mana yanzu."

"To wanda ya karanta shi ya san abin da ke ciki. Zauna."

Ta zauna.

Kwana biyu ta yi tana bin mutane ɗaya ɗaya. Ta samu ƙaninta a lambu yana naɗe tiyon ban ruwa.

"Yaya, wallahi maganarki ta shige ni," ya ce yana sosa ƙeya. "Amma kin san na yi tafi a gaban mutane."

"Tafin ne zai ba albasarka ruwa?" Ta sauko da tabarau na ƙarya kan hanci, ta kumbura wuya. "Ehem, ehem. A taƙaice, albasarka za ta sha dabarun gwagwarmaya safe da yamma."

Ya yi dariya har da riƙe ciki. Sannan ya ci gaba da naɗe tiyonsa.

Mai bulo kuwa cewa ya yi, "Haba Inna! Mutumin da ya koya mini rubuta sunana zan ƙaryata?" Matan da suke wanki tare suka ce su dai ba za su zama abin nuni a gari ba. Kowa ya yarda da ita a ɓoye, ba wanda ya yarda ya bi ta a fili.

Ranar Laraba da safe ta ɗora ƙullin wanki a ka ta fito. Titi wayam, shaguna a rufe, sai labule da ke motsi a tagogi. Daga bayan wata ƙofa aka ce, "An saye ta!" Ba ta waiwaya ba.

Wajen ƙarfe goma masu tantancewa suka iso a mota, su uku. Shugabarsu mace ce mai malafa, riƙe da allon rubutu. Suka ɗauki hoton duwatsun da ba kowa a kai, sannan shugabar ta matso wurin Inna Kumfa.

"Sannu da aiki, Inna. Kullum haka wurin yake?"

"Wane irin haka! 'Yata, nan kullum sai kin ture mutum kafin ki samu wurin tsugunawa. Can masu bulo ne. Nan mashayar shanu. Wancan lambun na ƙanina ne."

"To ina suke?"

"Suna fushi."

"Da wa?"

"Da ku."

Matar ta dubi abokan aikinta, ta ja numfashi. "Inna, na yarda da ke. Ga sawun shanu ina gani. Amma takardata suna take nema, da sana'a, da sa hannu ko dangwale. Ba zan iya rubuta sawu ba. Muna nan har ƙarfe huɗu. Je ki kira su."

Inna Kumfa ta bar kayan mutane a jiƙe ta koma gari da gudu, ita da rabonta da gudu tun tana budurwa. Ta buga ƙofofi har hannunta ya yi ja.

"Ku fito! Suna kawai za ku faɗa ku dangwala! Har ƙarfe huɗu ne!"

Ta isa gidan Hedimasta tana haki. Ya buɗe taga kaɗan, ya saurare ta har ƙarshe, fuskarsa ta washe.

"Kin gani ko? Sun fara roƙo. Dabara ta fara aiki." Ya ɗaga murya don maƙwabta su ji. "Kada kowa ya fito!"

"Malam, ba roƙo suke ba, tafiya za su yi!"

Taga ta rufe.

Ƙaninta ne kaɗai ya kai ga saka takalmi. Ya fito har bakin ƙofa, ya ga idanu a kowace taga, ya ce, "Yaya, bari in ɗauko hula." Bai sake fitowa ba. Ta tsaya a tsakiyar titi, ba ta san lokacin da hawaye suka zubo mata ba, na takaici zalla.

Ƙarfe huɗu motar ta tashi da dangwale guda ɗaya.

Bayan wata uku sakamako ya zo. A wannan ajin dai Hedimasta ya karanta, muryarsa na raguwa layi bayan layi. "Masu amfani da ruwan: mutum ɗaya. Sana'a: wanki." Ya juya takardar ko akwai ƙari a baya. Babu. Kwamiti ya rubuta ƙorafi mai shafi goma sha ɗaya, da sa hannun mutum ɗari huɗu. Aka amsa musu da layi biyu, cewa lokacin jin bahasi ya wuce.

Shekara na zagayowa dutsen ya bushe. Da yake takarda ta ce akwai mutum ɗaya, kamfani ya yi wa mutum ɗaya tanadi: famfo guda a gindin dutse, da ɗan dandamalin siminti na wanki. Ruwan da ke fita bai fi kaurin ɗan yatsa ba.

Yanzu a wannan famfo gari ke layi. Masu bulo sun tashi, masu shanu sun yi gaba. Hedimasta ma yakan zo da bokitinsa, ya tsaya can baya yana duban ƙasa.

Wata safiya ƙaninta, wanda lambunsa ya koma fili, ya tsaya kusa da ita da jarka a hannu.

"Yaya, ke kam gaskiyarki ta fito. Da mun ji maganarki..."

Ta dubi busasshen dutsen, ta dubi tulin wankin da a da take gamawa kafin azahar, yanzu kuwa sai ya kwana biyu.

"Me zan yi da gaskiyar?" ta ce. "Ni ruwana nake so. Matso da jarkarka, layi na jira."

Darasi: Ranar da za a yanke hukunci a kan abin da kake rayuwa da shi, je ka tsaya a gan ka, ka faɗi sunanka. Wanda bai zo ba, ba a rubuta cewa fushi yake yi. Kuma kada ka raina tambaya don mai yin ta ba ta yi boko ba. Ku tura wa 'yan uwa da 'yan kwamitin unguwarku wannan labari, tun ƙarfe huɗunsu bai yi ba.