Makwancin Shanun da Aka Ba Gwauruwa

Akwai wani mutum makiyayi, yana da shanu arba'in da 'yan kai. Tun yana saurayi bai san wata sana'a ba sai kiwo. Can bayan gari, ƙetaren rafi, yana da wani fili inda shanun suke kwana. Bana ya kafa turaku a nan, baɗi ya matsar da su gaba, haka har shekara ashirin da bakwai. Noma kuwa ya rena shi ƙwarai. In ya ga manomi a sunkuye cikin rana sai ya kaɗa kai ya ce, "Allah ya raba bayana da wannan wahala."

A shekarar da ya cika hamsin, ciwon huhu ya shiga garken. Yau biyu su faɗi, gobe uku. Jama'a, kafin wata biyu ko ɗan maraƙi bai rage ba! Mutumin ya tsaya a tsakiyar filin nan yana kallon turaku ba shanu, ya rasa ma ta inda zai fara kuka.

Da ya koma gida ya tara iyalinsa, matarsa Rifkatu da 'ya'yansu biyar, ya ce, "Makiyayin nan da kuka sani ya mutu tare da shanunsa. Daga yau ni manomi ne. Kuma kada in ji wani ya ambaci makwancin shanu a gidan nan."

To, komawa noma ba laifi ba ne, ya ma kyauta da bai zauna ya naɗe hannu ba. Amma ku ji inda ya je. Ya ari wata gona can gabas da gari, jigawa ce, rairayi zalla, wadda mai ita ma ya gaji da ita. Ya zaɓe ta ne kawai domin hanyarta ba ta bi ta rafi.

Ana nan sai wata tsohuwar gwauruwa mai suna Tabita ta zo gaisuwa. Ba ta da gona, ba ta da mai yi mata noma. Ta ce, "Baban Ladi, filin nan naka na ƙetare, ko za ka bar ni in yafa 'yar masara bana?"

Ya ce, "Ɗauki, Gwaggo. Me ke wurin banda kashin shanu da baƙin ciki?"

Damina ta sauka. Mutumin ya yi aiki kamar zai kashe kansa. Hannun da ya saba da sanda ya yi kanta da fartanya, baya ya ƙage, amma geron ya fito a tsamure, ganye ja-ja, abin tausayi. Sau biyu matarsa tana cewa, "Maigida, da dai ka leƙa ƙetaren rafi..." Sai ya daka mata tsawa: "Ba na hana ba?" Abokansa ma da suka ɗauko zancen, tashi ya yi ya bar musu wurin.

Kaka ta yi, ya ɗaure amfanin gonarsa: dami shida. Dami shida, baki bakwai! Ko Kirsimeti ba zai kai su ba. Sai ya kira matarsa ya ce, "Ki kwashe yaran ku tafi gidan yayanki. Ni zan shiga birni in nemi gadi. In Allah ya sa da rabon mu sake zama gida ɗaya, to."

Rifkatu ta yi kuka har idonta ya kumbura. Shekara ashirin da huɗu suna tare, ba su taɓa raba tukunya ba.

Ranar tafiya, da hantsi, kaya na ɗaure a tsakar gida, sai ga sallamar Tabita. Ta dubi kayan, ta dubi mutumin, sa'an nan ta ce, "Baban Ladi, aron rumbu na zo. Na ji an ce naka ba kome a ciki."

Ransa ya ɓaci. Ya ce, "Haba Gwaggo! Ba'a kika zo yi mini a rana irin ta yau?"

Ta ce, "Wace ba'a? Nawa ya cika, na maƙwabciyata ya cika, ɗakin kwanana ma sai a karkace nake shiga. Ga saura can a gona, ko rabi ban kwashe ba."

"Wace gonar?"

"Taka mana."

Bai san lokacin da ya fita ba takalmi ba. Ya ƙetare rafin da ya yi wata takwas bai taka ba, ya hau tudu, sai ya tsaya cak. Karan masara ya fi shi tsawo, kowane da goyo biyu, wani uku. Inda aka riga aka karya, an tsiba ta tuli-tuli. Ga tsofaffin turakunsa nan a tsakiya, kabewa ta nannaɗe su. Ya zauna daɓas a ƙasa, baki buɗe.

Da tsohuwar ta iso tana haki, ya ce, "Gwaggo, me kika zuba wa ƙasar nan?"

Ta ce, "Ni? Da wane ƙarfin? Rami na tona na jefa iri. Shanunka ne suka yi shekara ashirin da bakwai suna gyara maka gona, kai kuwa ka tafi kana dambe da rairayi."

Ya ɗora hannu a ka ya ce, "Wayyo ni! Yau da na watsa gidana, abinci na nan bayan rafi!"

Tabita ta ce, "Ƙasa taka, gumi nawa, sai mu raba biyu. Baɗi ka zo in nuna maka yadda ake shuka, don na ga kunyoyinka, kai, abin ba kyan gani. Yanzu tashi ka je ka ce wa yarinyar nan ta kwance kayanta."

Ma'anar wannan misali ita ce: makiyayin nan ni ne, kai ne, ke ce, duk wanda ya kai tsakiyar rayuwa abin da ya dogara a kai ya zube. Wani an sallame shi daga aiki. Wani tela ne, ido ya fara gazawa. Wata ta ƙare ƙuruciyarta wajen reno, yau 'ya'ya sun watse, gida ya yi tsit. Shanun su ne abin da ya tafi, kuma ba zan ruɗe ku ba, ba za su dawo ba. Jigawar ita ce sabuwar rayuwar da muke zaɓa don gudun tuna baya kawai, ba don Ubangiji ya aike mu can ba. Makwancin shanun kuwa shekarunka ne da kake cewa sun tafi a banza: haƙurin da ka koya, mutanen da ka sani, har da kurakuran da kake jin kunyarsu. Ubangiji bai zubar da ko ɗaya ba, taki yake tarawa.

Abin da ke ba ni tsoro shi ne, ba ciwon huhu ne ya kusa raba gidan nan ba. Taurin kai ne. Sau biyu Allah ya sa magana a bakin matarsa, ya tsawata mata. Da tsohuwar nan ta makara da yini ɗaya, da ta tarar da ƙofa a kulle.

Saboda haka, kai mai furfurar fari, kada ka ce ta ƙare maka, kada kuma ka ji kunyar koyo wurin wanda ka rena. Yau in an tashi sujada, ka zauna da mutanen gidanka ka tambaye su, "Me kuka daɗe kuna so ku faɗa mini na hana?" In sun fara magana, ka yi shiru har su gama.