Wanda Yake Naɗa Hannun Ɗan Dambe

Lahadin da ta wuce na tarar da Gidiyon da Filibus suna musu a ƙofar ajinmu na makarantar Lahadi. Gidiyon ya ce ƙarfin jiki shi ne dambe. Filibus ya ce a'a, zuciya ce. Da suka gan ni sai suka ce, "Mama Laraba, ke da kika zauna da ɗan dambe, raba mu." Gaskiya ne, marigayi maigidana Nomau ya yi dambe da ƙuruciyarsa, ni ma kuwa na sha yi masa wannan tambaya. Bai taɓa amsa mini ba. Sai dai ya miƙo mini hannunsa na dama, ya yi dariya. Tun da ya rasu bara nake juya abin a raina, ga kuma misalin da na zo muku da shi.

An yi wani mutum, mahauci, wanda ya yi suna a dambe a zamaninsa. Yana da 'ya'ya biyu maza. Babban ƙato ne, shi kaɗai yake kayar da bijimin sa. Ƙaramin siriri ne, amma bai san ja da baya ba. Ko an fasa masa baki, sai ya tofar da jinin ya ƙara matsowa. Kullum suna gardama a kan wanda ya gaji ubansu, mai ƙarfi ko mai zuciya.

Kun san ɗan dambe da hannu ɗaya yake naushi. Akan naɗe hannun da ƙyalle, a bi shi da igiya har ya yi tauri. Uban ne yake naɗa musu. Yakan zaunar da ɗa, ya ɗora hannun a kan gwiwarsa, yana jan igiya yana tambaya, "Kana jin yatsunka?" Su kuwa ba su ɗauki wannan a bakin komai ba.

Ana nan sai uban ya rasu. Yana da take, wato kiɗan da ake yi masa shi kaɗai idan ya shigo fili. Tsohon makaɗinsa ya zo ta'aziyya, ya ce, "'Ya'yana, taken ubanku yana hannuna. In kaka ta yi, wanda ya nuna mini a fili cewa shi ɗan gidan nan ne, na ba shi. In ban gani ba, na binne taken tare da mai shi."

Kaka ta yi, 'yan damben wani gari suka zo. A gindin bishiyar da ake shiri, babban ya riƙe igiyarsa, ya dubi ƙanensa.

Ƙaramin ya ce, "Yaya, tun da ƙarfi ne dambe, ai sai ƙarfin ya naɗa maka."

Babban ya ce, "To, kai ma zuciya ta ɗaure maka naka."

Kowa ya juya wa ɗan'uwansa baya.

Babban ya naɗa nasa da hannun hagu da haƙora, ya shiga fili. Naushinsa na fari sai da abokin karawarsa ya yi tangal-tangal. Amma igiya ta warware, doka kuwa ita ce in igiya ta kwance sai a tsayar da wasa a gyara. Ya gyara, ya kai naushi, ta sake kwancewa. Haka aka yi ta yi har aka raba su. Wani daga cikin 'yan kallo ya ce, "Kai, dambe ka zo ko shanyar igiya?" Aka kwashe da dariya. Kalangun tsohon makaɗin kuwa yana rataye a kafaɗarsa, bai taɓa shi ba.

Da ƙaramin ya ga abin da ya sami wansa, sai ya taka bakin igiyarsa da ƙafa, ya ja iyakar ƙarfinsa. Kafin ya shiga fili hannun ya fara mutuwa. Bai faɗa wa kowa ba, gama halinsa ke nan. Ya sha naushi a fuska da ƙirji, bai faɗi ba, bai ja da baya ba, amma ya kasa ramawa. Da aka ba da hutu ya zauna da kumburarren ido, yana cewa, "Ba komai."

Babban yana gefe cikin kunyarsa, sai idonsa ya kai kan wuyan hannun ƙanensa, ya ga jijiyoyi sun tashi kamar za su fashe. Ya ratsa jama'a, ya durƙusa, ya ɗora hannun a kan gwiwarsa. Ya kwance igiyar, ya murza yatsun har jini ya dawo, ya fara sabon naɗi. Ya ce, "Kana jin yatsunka?"

Ƙaramin ya dubi hannun. Can ya ce, "Yaya, sassauta kaɗan. Da ciwo."

Nan take tsohon ya sauke kalangu ya fara kaɗa taken ubansu. Wani ya ce, "Baba, ai ba a kayar da kowa ba tukuna." Tsohon ya ce, "Na ga abin da na zo gani." Ƙaramin ya koma fili ya rama naushi da naushi. Aka tashi babu wanda ya faɗi, taken kuwa ya zauna a gidansu.

Ga abin da misalin nan yake nufi. Ƙarfin jiki baiwa ce daga Allah, ƙarfin zuciya ma haka. Amma ƙarfin babban ya watse, domin ba wanda ya ɗaure masa shi. Zuciyar ƙaramin kuwa ta kusa cinye masa hannu, domin ba ta iya cewa "da ciwo" ba. Uban nan kamar Ubangijinmu ne, wanda yake shirya mu kafin mu shiga gwagwarmayar duniya. Sau da yawa da hannun 'yan'uwa a cikin ikilisiya yake yi mana wannan naɗi. Taken kuwa sunansa ne da ake kiranmu da shi, kuma ba a kan wanda muka kayar ake gane mu nasa ne ba.

Bayan an binne Nomau, kowa yana cewa, "Laraba akwai ƙarfin zuciya." Sai wata rana Rahila ta zumuntar mata ta zo ta zauna kusa da ni a tabarma, ta ce, "Yaya, kina cin abinci kuwa?" Na ce a'a. Ta tashi ta hura wuta. Ranar ce na gane abin da maigidana yake nufi da miƙo mini hannu, wato kowane ɗan dambe yana bukatar mai naɗa masa.

Gidiyon, Filibus, ku ci gaba da musunku, ni ma har yanzu ban san wanda ya fi ba. Amma kafin Lahadi mai zuwa, kowa ya dubi na kusa da shi a gida ko a benci, ya tambaye shi ko yana jin yatsunsa. In kuma kai aka tambaya, ka faɗi gaskiya.