Mukullin da Aka Hana Auta

Akwai wani mai yanka mukulli da ke da ɗan shago a bakin titi, tsakanin mai aski da mai gyaran waya. Kowa Mai Mukulli yake ce masa. Mutum ne mai gaskiya, wannan ba a ja. Sai dai irin masu gaskiyar nan ne da in suka yanke maka hukunci sau ɗaya, ko za ka yi rantsuwa har muryarka ta dishe, an gama.

'Ya'yansa biyu ne maza, babban da ake kira Yaya, sai Auta. A gidansa yana da wata ƙa'ida: duk yaron da ya yi wayo, zai yanka masa mukullin ƙofar gida da hannunsa, ya zura a zare ya rataya masa a wuya. Ranar da aka rataya wa Yaya nasa, Auta ya yi ta shafa shi yana tambayar yaushe za a zo kansa.

Wata rana ƙaramin magagarin da Mai Mukulli yake goge haƙoran mukulli da shi ya ɓace. Aka birkice shago, aka birkice gida. Can sai ga shi a ƙarƙashin katifar Auta, tare da wani guntun ƙarfe da aka soma gogewa. Shi uban, magagarin kawai ya gani. Yaron ya buɗe baki ya ce, "Baba, so nake in..." Mari ya ƙarasa masa maganar.

Daga ranar aka rufe zancen mukullin Auta. Uwar ta yi magana, ta sake yi, ta ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Shi kuma ya ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma shi da yake sayar wa mutane tsaro ba zai ba ɓarawo mukullin gidansa ba. A gaban yaron ya faɗa.

Jama'a, kun san yadda suna yake bin mutum. Ko mataji ne ya ɓace, idanu sai su koma kan Auta. Yaya ya mai da abin wasa, da an ce ina kaza sai ya ce a duba aljihun Auta, a yi dariya. In daga baya aka tsinci abin a bayan kujera, ba mai cewa yi haƙuri. Wallahi wannan ya fi marin ciwo.

Idan ya dawo daga makaranta sai ya ƙwanƙwasa ƙofar gidansu kamar baƙo. In uwar ta fita, ya zauna a dakali da jakarsa har wani ya dawo. Maƙwabta su wuce suna tsokanarsa, wai yau ma an kulle shi a waje.

Wata rana da rana tsaka Mai Mukulli ya dawo gida ya tarar da Auta a ciki yana shan ruwa, ƙofa kuwa lafiyarta ƙalau. Da guntun waya ya buɗe. A ransa uban ya yi mamaki, don kwaɗon nan ko shi sai ya yi gumi. Amma abin da ya fito daga bakinsa shi ne, "Ai na faɗa." Washegari ya canza kwaɗo.

Auta ya girma shiru-shiru, ba ya musu, ba ya kallon idon kowa. Ya soma kwana a waje, daga baya ya daina dawowa gaba ɗaya.

Sai aka fara shiga gidajen mutane ba tare da an fasa ƙofa ba. Ciniki ya buɗe wa Mai Mukulli, kowa na kawo kwaɗonsa a canza. Ya buɗe cikin ɗaya ya duba, ya ga aiki mai tsabta, babu ko ƙwarzane na banza. Nan take ya gane hannun Auta ne. Ranar ko abinci bai iya ci ba, kuma bai gaya wa kowa ba.

Dubu ta cika a gidan wata tsohuwa. Ta fito daga banɗaki ta yi kiciɓis da samari a falonta, ta razana ta faɗi, ƙugunta ya karye. Sauran suka tsere, Auta ya tsaya yana ƙoƙarin ɗaga ta, a nan aka kama shi. Baiwar Allah ba ta ƙara tafiya da ƙafarta ba sai da sanda. Kotu ta ɗaure shi shekaru.

An daɗe kafin uban ya yarda ya je gidan yari, sai da kukan uwar ya ishe shi. Ya zauna, raga a tsakaninsu, ya ce, "Me ka rasa a gidana? Ci ko sutura?"

Auta ya ce ba ko ɗaya. Ya ce gidan farko da ya shiga bai ɗauki ko tsinke ba, zama kawai ya yi a kujera, don ya ji yadda mutum yake ji in ƙofa ta buɗe masa ba sai ya roƙa ba. Daga nan wasu samari suka lura da shi, suka yaba hannunsa.

"Baba, na san mutanen banza ne. Amma ranar da na fara kwana a wurinsu suka miƙo min mukullin ɗakin. Da ma kowa ya ce ni ɓarawo ne, sai na ga gara in je inda sunan yake da daraja. Abin da na yi wa tsohuwar nan kuwa, ni na yi, ban ɗora wa kowa ba."

Mai Mukulli ya dawo gida. Da ya ba uwar labari, ta tambaye shi ko ya taɓa tunanin guntun ƙarfen da aka samu tare da magagarin na mene ne. Ta ce mukulli yaron yake gwada yankawa, don ya zama irin babansa. Tsohon ya yi kuka kamar ƙaramin yaro, amma da-na-sani ƙeya ce.

Kafin wa'adin Auta ya cika, ƙafa ta kwantar da Mai Mukulli, ido ma ya yi rauni. Duk da haka ya sa aka kai shi shago, ya yanka mukulli da lalube, ya zura a zare. Ranar sakin, ya damƙa wa Yaya ya ce ya je ya taho da ƙaninsa, ya rataya masa wannan a wuya, kuma in sun iso kada shi Yaya ya taɓa ƙofar. Ya sa aka kulle gidan da hantsi, ya hana uwar tashi.

Ya zauna a tsakar gida ya kasa kunne. Duk rayuwarsa sautin nan yake ji, na mukulli yana juyawa a cikin kwaɗo, amma bai taɓa ƙagara ya ji shi kamar ranar ba.

Ya ji takun mutum biyu sun tsaya a bakin ƙofa. Ya ji muryar Yaya ƙasa-ƙasa yana cewa, "Buɗe mana, ai gidanku ne." 

Sai ya ji an ƙwanƙwasa, a hankali, irin ƙwanƙwasar yaron da ya dawo daga makaranta.

Darasi: Laifi laifi ne, wanda ya cuci wani dole ya ɗanɗana hukunci. Amma da yawa daga masu laifi, tun suna yara aka raɗa musu sunan, su kuma suka girma suka amsa. Ka saurari ɗanka kafin ka hukunta shi, ka hukunta kuskurensa ba tare da ka mai da shi sunansa ba, don yardar da ka hana shi a gida wani zai ba shi a waje. Ku tura wa iyaye da yayye, wataƙila akwai wani Auta da har yanzu yake zaune a dakali.