Shekarun da Aka Rage wa Jazuli

Tunda janareton gidan kallon nan ya ƙi tashi, kuma ga alama mai gyaran sai ya kai mu magariba, ku juyo da bencin nan ku fuskance ni. Kai mai jar riga, ajiye wayar. Tun ɗazu nake jin ku kuna yanke wa 'yan ƙwallo hukunci, wane ya bar kulob, wane ya zauna, kamar ku kuka haife su. To ga wani na kawo muku. Ku bari in kai ƙarshe, sannan in ga gwanintar taku.

Jazuli sunansa, ɗan wani gari ne gabas da Haɗejiya. Gajere ne, siriri, mai ƙuruciyar fuska, irin mutanen nan da gemu ke yi wa rowa. Allah Ya ba shi ƙafar hagu. Iyayensa sun rasu tun bai yi wayo ba, mutum uku ne suka tsaya masa, kuma in ka cire ɗaya daga cikinsu babu labarin gaba ɗaya.

Ta farko yayarsa ce, Hansatu, wadda ta raine shi. Yana ƙarami amalanke ta bi ta kan ƙafar hagun nan ta karya ta gida biyu. Maɗorin unguwa ya ɗora, kowa ya ce an gama. Hansatu ce kaɗai ta lura ƙafar tana kamawa a karkace. Ta yi magana aka ce ta cika tsegumi, sai ta goya shi ba da sanin kowa ba, ta taka da shi har garin da ke da asibiti, aka kwance ɗorin aka sake. Wata biyu tana kwana a ƙasa kusa da gadonsa. Ba don ita ba, da yau da sanda yake tafiya.

Na biyu Koci Barau ne, tsohon ɗan wasa da ya koma facin taya a bakin tasha. Shi ya tsince shi a filin makaranta yana buga ƙwallon tsumma. Mutum ne mai zafin rai, ba ya yabo, ba ya dariya a fili. Wata shida ya hana Jazuli taɓa ƙwallo da hagu har sai da dama ta koyi aiki. Shi ya koya masa ɗaga kai kafin ƙwallo ta iso, da yadda ƙaramin mutum ke tsayawa ƙato ya bangaje shi bai faɗi ba. Ba don shi ba, da Jazuli ya ƙare a gwanin unguwa, irin waɗanda kowane layi ke da biyu.

Na uku wansa ne, Tasi'u, direban tanka, wanda ya yi yawancin rayuwarsa a hanyar Legas. Shi ya jiyo cewa masu neman 'yan wasa daga Turai za su zo Kaduna, amma ba sa duban wanda ya kai sha takwas. Jazuli ba shi da takardar haihuwa. Tasi'u ya zauna ya ƙirga daga shekarar da ƙanen ya shiga aji ɗaya, ya ɗauka yana da shida a lokacin, lissafi ya ba shi ashirin. Ya je kotu ya ɗaga hannu ya rantse cewa ƙanensa sha bakwai yake. Kada ku yi mini wannan kallon, rabinku shekarunku kala biyu ne, da na gida da na takarda. Ba don rantsuwar nan ba, ko ƙofar filin gwajin ba za a bar Jazuli ya shiga ba.

Aka ɗauke shi. Babban kulob ne a wata ƙasar Turai, ba zan faɗi sunansa ba, kada ku bar mini labari ku koma musu. Filin atisayensu kaɗai ya fi filin gasar jiharmu kyau. Suka ba shi ɗaki, suka ba shi mai koya masa yarensu, suka auna abin da zai ci. Abu ɗaya ne ba su ba shi ba, wasa. Shekara biyu yana dumama benci. Ranar wasa ya sa riga mai sunansa a baya, ya zauna, ya tashi ya yi ɗan guje-guje a gefen fili, ya koma ya zauna, alƙali ya hura tashi. A kakar wasa biyu sau uku ya shiga, kuma duk a mintunan da 'yan kallo suka fara neman ƙofa. Ba ƙinsa suke yi ba. A wajensu ɗan sha tara ne, ɗanye, suna tattalinsa ne sai ya nuna.

Shi kuwa ya san ba sha tara yake ba, kuma jikinsa ya fara tona shi. Yaran da suke atisaye tare, in an gasa su yau, gobe da safe sun tashi garau suna tsalle-tsalle. Shi sai ya kwana biyu gwiwa na yi masa tsami. Wata rana likitan kulob ya ɗauki hoton gwiwar, ya daɗe yana duban hoton, ya dubi Jazuli, ya sake duban hoton. Sai ya yi murmushi ya ce ƙashin nan kamar ya girmi mai shi. Jazuli ya taya shi dariya. Daga ranar, in ya hango farar rigar likitan a baranda sai ya canja hanya. In an ce ana nemansa a ofis, sai ya ɗauka asiri ne ya tonu.

Duk da haka yana lallashin kansa. Ashirin da biyu ai ba tsufa ba ne, in ya ƙara haƙurin shekara biyu yana da sauran ƙarfi.

Sai damina ta zo a gida, rufin ɗakin mahaifinsu ya fara yoyo. Hansatu ta janyo tsohon akwatin ƙarfen marigayin don kada ya jiƙe, ta tarar da littafin addu'o'insa. A cikin bangon littafin tsohon ya rubuta haihuwar 'ya'yansa da ajami, kowa da ranarsa da watansa da shekarar Hijira. Ta kai wa liman ya juya mata lissafin zuwa na bature. Liman ya ƙirga sau biyu, ya ce Jazuli shekararsa ashirin da biyar da wata huɗu.

Nan take Hansatu ta tuna. A zamanin, hedimasta ba ya tambayar takarda. Yaro zai ɗora hannun dama ta saman kai, in ya kamo kunnen hagu a rubuta shi, in bai kamo ba a ce ya dawo baɗi. Jazuli ɗan tsurut ne, sau uku tana kai shi, sau uku hannun bai kai kunne ba. Yana da tara ya shiga aji ɗaya. Tasi'u yana kan hanya duk shekarun nan, bai sani ba, kuma ranar da ya yi lissafinsa bai tambayi kowa ba. Ya ɗauka uku ya rage, ashe shida ne.

Ta ɗauki hoton rubutun ta tura masa tare da lissafin liman. Da safe saƙon ya same shi a ɗakin sa kaya, yana ɗaure takalmi. Ya ƙura wa rubutun ubansa ido. Ya saki igiyar takalmin, ya sake bin lissafin. Shekara uku da yake taƙama da su a ajiye, a minti ɗaya aka ce masa ya riga ya cinye su. Wallahi ko ni da nake ba ku labarin, in na zo nan sai na ji tausayinsa.

A satin nan takardu biyu suka zo masa. Babban kulob ya ce zai sabunta masa kwantiragi na shekara biyar: ya ƙara biyu ko uku yana koyo a bayan manya, daga nan wurin ya zama nasa. Wani ƙaramin kulob kuma a ƙasar da ke maƙwabtaka, ɗan rukuni na biyu, ya ce ya zo, kowace Asabar da shi za a fara. Sai dai su ma sai likitansu ya duba shi daga kai har ƙafa. Kasuwar 'yan wasa kuma ranar Juma'a da tsakar rana za a rufe ta. Jazuli ya kira mutanensa uku ɗaya bayan ɗaya, ya gaya musu komai.

Tasi'u ya ce ya zauna. Ya ce mutumin da ke benci ba wanda ke tona asalinsa, amma ran da ya fara cin ƙwallaye sunansa ya shiga rediyo, ranar wani ɗan ajinsu mai 'ya'ya huɗu zai saka hotonsu na firamare a waya, duniya ta gani. Ya ce sabon likita sabon ido ne, wannan na yanzu ko ya yi zargi ai ya yi shiru. Ya ce manyan kulob ba sa buɗe wa irinmu ƙofa sau biyu. Da Jazuli ya ce to shekarun fa, sai Tasi'u ya katse shi.

"Ni na ɗaga hannu a kotu, Jazuli, ba kai ba. In abin nan ya fashe, ni za a zo a ɗauka a gaban iyalina. Ka rufa mini asiri."

Koci Barau ya ce ya tafi, kuma ko sallama mai tsawo kada ya tsaya yi. Ya ce shi bai san takarda ba, ƙafa ya sani, kuma ƙafar ɗan wasan gefe mai gudu irinsa ba ta wuce talatin da kaɗan. In ya ba benci uku daga cikin biyar ɗin da suka rage masa, ranar da za a ce ga wurinka zai fito ne da gwiwar da ta gama aiki, Turawa su yi ta mamakin yadda yaro ɗan ashirin da biyu ya lalace, su sallame shi ba wanda ya taɓa ganin abin da ya iya. Ya ce tonon asiri wataƙila ne, amma tsufa tabbas ne.

"Na ga masu ƙafa irin taka da suka jira," in ji shi. "Ɗaya yana nan tasha, shi ke riƙe mini taya in ina faci. Ba na so in mutu ban gan ka ka buga minti casa'in ba."

Hansatu ba ta san rukuni na ɗaya ba balle na biyu. Ta ce ita zama ko tafiya duk ɗaya ne a wajenta, abin da ke hana ta sukuni daban ne. A da kuskure ne da ƙarya suka cakuɗe, har shi kansa bai san iyakarsu ba. Yanzu ya ga rubutun ubansa da idonsa. Duk takardar da ya sa wa hannu daga yau, da saninsa ya sa. Ta ce ya je ya faɗa musu gaskiya da bakinsa tun kafin wani ya faɗa a madadinsa. Jazuli ya ce mata in ya faɗa za a iya dakatar da shi shekara biyu, a kore shi daga ƙasar, a kama Yaya Tasi'u, kuma duk wanda ya fito daga hannun Koci Barau ba mai sake dubansa.

"Na sani," ta ce. "Amma ina jin muryarka, ƙanena. Tsoro yana cin ka da rai. Ko'ina ka je da wannan takardar, da shi za ka tafi."

Ga shi nan. Kowannensu ya faɗi gaskiya, kowannensu tsoro ne ya sa shi magana, kuma babu wanda Jazuli zai iya kallon idonsa ya ce ba ka da hakki a kaina. In ya bi Tasi'u, ya tsare asirin gida ya binne ƙwallonsa. In ya bi Barau, ya samu fili, amma kowace ƙwallo ya ci ta ƙara matso da ranar tonon asiri. In ya bi Hansatu, ya sauke kayan da ke kansa ya ɗora wa mutum biyu da suka yi masa rana. Daga Talata zuwa Alhamis yana ta juya maganganun nan uku a ransa. A wajen atisaye aka ba shi ƙwallo shi kaɗai da raga, ya tsaya yana kallonta har aka ƙwace.

Ranar Juma'a da hantsi aka kira shi ofishin shugaban kulob. Takardun biyu suna kan tebur, ta zama a dama, ta tafiya a hagu, da biro a tsakani. Ya duba ta dama, layi na uku ranar haihuwa ce, a ƙasa kuma wurin sa hannu cewa duk abin da ke sama gaskiya ne. Ya duba ta hagu, haka. Agogon bango ya nuna saura minti arba'in a rufe kasuwa. Shugaban dattijo ne mai kirki, sai ya zuba wa Jazuli ruwa a kofi, ya zagayo ya dafa kafaɗarsa.

"Kwantar da hankalinka, yaro," ya ce. "Ko wacce ka zaɓa ba ka yi asara ba. Sha tara fa kake. Lokaci ne abin da ka fi kowa a ginin nan."

Jazuli ya ɗauki biron.

A nan zan tsaya, kuma kada wanda ya tambaye ni abin da ya yi, don ba shi na zo ji ba. Ku da kuka iya yanke hukunci daga kan benci, ga shi na miƙa muku. Wadda ta ceci ƙafar ta ce ya faɗi gaskiya, wanda ya koya wa ƙafar aiki ya ce ya tafi, wanda ya buɗe mata ƙofa ya ce ya zauna. To, a cikin su ukun, maganar wa ta fi cancanta Jazuli ya bi?